Kilo Uku na Kanwa a Ƙugun Kakata

Ni na ɗaura wa kakata kanwa a ƙugu kafin ta hau sikelin asibiti. Kilo uku, a cikin tsohon ɗankwali, ƙarƙashin zannuwa biyu. A ranar ina ganin tun da aka kafa Arewa ba a haifi mai dabara irina ba. Na rubuta wannan ne don mai tsoho a gida ya ji yadda dabarar ta ƙare, kuma don wasu 'yan gidanmu su daina ba da labarin kamar ni kaɗai na yi laifi. Sun san kansu, in ma sun manta yanzu zan tuna musu.

Sunana Isuhu, shekarata goma sha shida. Tun da aka yaye ni nake hannun kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Dogon Kiriya. Mutane Iya Dije mai daddawa suke ce mata. Ni Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Angon banza, irin wasan jika da kaka. Zagi ne gaisuwarmu. In na ce, "Amarya, yau ma ba ki mutu ba?" sai ta ce, "Sai na ga wadda za ta auri wannan kan naka mai kama da ƙwarya."

Ɗan farinta shi ne Kawu Mamman, ma'aikaci a Dogon Dutsi. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "wancan na birni" take ce masa. To ranar babbar sallah, ana tsakiyar gyaran nama, gida cike da mutane, sai ta ɗaga kai ta ce, "Mamman, miƙo mini wuƙar ga." Gida ya yi tsit, har kaji suka daina tono. Ita kuwa ba ta ma san ta yi wani abu ba. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bayan la'asar ya ce akwai wata likita a Dutsi da ke duba tsofaffi ran Alhamis, za a kai ta. In likita ta ce ba za ta iya zaman kanta ba, sai mu tattara mu koma gidansa, "ke da wannan shaiɗanin."

Gidan Kawu ba gida ba ne, bariki ne. Ana rufe ƙofar ƙarfe da magariba, ana shara kafin zakara ya gama tunanin cara, kuma matarsa Tanti Rabi tana iya jin an ɗaga murfin tukunyarta ko tana kasuwa. Ban so Amarya ta bar ɗakinta ba, gaskiya ne. Amma kaina na fi ji.

Makon farko muka tafi a taksin ƙauye, mu ashirin da tumaki uku. A asibiti layin tsofaffi ya kai bakin titi. Da zama ya ishe ni na zagaya na laɓe a taga, na ga duk abin da likitar take yi. Matashiya ce siririya, ba ta fara da allura ba. Sai ta zaunar da tsoho a kujera, ya rungume hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Ta sa shi ya taka zuwa bango ya dawo tana duba agogo. Ta faɗa masa abubuwa uku, ta ɗauke hankalinsa da hira, can ta ce ya maimaita. Ta ɗora shi a sikeli. Ta tambayi wa ke yi masa wanka, wa ke dafa masa abinci, ko ya taɓa faɗuwa, ta ce a zazzage mata duk magungunan da yake sha a kan tebur. Wani dattijo ya tashi sau biyu, a na uku kujera ta cinye shi, 'ya'yansa suka kalli juna. Kafin a zo kanmu aka tashi aiki, aka ce sai wata Alhamis. Dole muka zauna gidan Kawu mako guda.

Na samu Amarya a ɗakin baƙi na ce, "Jarrabawa ce fa. In kin faɗi, kin zama 'yar birni."

Ta ce, "Mi aka tambaya?"

Daga nan muka buɗe makaranta. Da Kawu ya tafi biro, wato ofis, Tanti ta fita cefane, sai in jawo kujera. Ranar farko ko sau ɗaya ba ta tashi ba sai da ta dafa gwiwa. Na ce mata, "Akuya, cokali, takalmi." Na ƙirga ɗari na ce ta maimaita. Ta ce, "Akuya." Na ce saura biyu. Ta ce, "Da uwaka." Na yi dariya har na faɗi ƙasa. Muka gano in ta ja ƙafafu baya ta yi lilo sau biyu tana tashi. Muka shirya cewa zan tsaya bayan likita in riƙa yi mata alama da hannu. Na duba karne ɗinta, wato littafin asibiti, na ga nauyinta na bara lokacin da ta yi zazzaɓi, na kalli hannuwanta da suka koma kamar karan dawa, na san sikeli zai tona mana asiri. Ita ta ce kanwa, don ta san nauyinta a sana'ar daddawa. Ni na je kasuwa na sayo, ni na ɗaura.

Sai ledar magani. Akwai mai babur da ke zuwa kasuwarmu da ƙwayoyi a akwati, a wurinsa take saye. Akwai ja da rawaya na ciwon gwiwa, akwai fari na barci, akwai wani na tansiyo, wato hawan jini, da wata maƙwabciya ta ba ta don ita ya yi mata daɗi. Ledar duka na cusa ta a ƙasan jakar makarantata.

Ba zan ɓoye ba, a wannan makon na ga abin da ban so gani ba. A ƙauye ni ke ɗebo ruwa, ni ke kai niƙa, ni ke sauke tukunya, na ɗauka mulki kawai take yi mini. Ashe ba ta iyawa ne. Kuma na san ta faɗi sau uku tun azumi, don ni na ɗaga ta duk ukun. Na sani sarai, na ci gaba da koya mata satar amsa.

Ran Alhamis na ɗura mata shayi mai ƙarfi da goro biyu. Kawu ya zauna a kusurwa yana danna waya.

Likita ta ce, "Iya, kin taɓa faɗuwa a 'yan watannin nan?"

Ta ce, "Ni? Tun da nike ban taɓa hwaɗuwa ba, ɗiyata. Sai dai in ƙasa ta taso ta iske ni."

Likita ta yi murmushi ta juyo gare ni. "Kai ke zama da ita?"

Na ce, "Madam, shekaranjiya ta bi akuya da gudu har ta wuce ta."

Kujera ta tashi sau biyar, na biyar ɗin da salati. Abubuwa uku aka ce rago, tabarma, gishiri. Na tsaya bayan likita na yi ƙaho da yatsu, na shimfiɗa hannuwa, na lasa tafi na yamutsa fuska. Kawu ya ɗago ya gan ni, ya nuna mini yatsa alamar zan sha a gida. Bai ma gane abin da yake kallo ba. Sikeli ya nuna kilo ɗaya kawai ta rage. Aka tambayi magani, ta ce ita ko maganin ciwon kai ba ta sani ba.

Likitar dai ba sakarya ba ce. Ta daɗe tana kallon wuyan Amarya da idanunta. Ta ce akwai abin da bai kwanta mata ba, ta rubuta gwajin jini, ta ce a saya mata sanda, a samu babban mutum ya zauna da ita, a dawo da ita bayan wata ɗaya. A ƙarshe ta ce kafin nan za ta iya zama a gidanta. Cikin duk wannan jawabin, jimlar ƙarshe kaɗai ta shiga kunnen Kawu. Gwajin jini ya ce sai wani zuwa, mota za ta tashi. Babban mutum kuwa ya ce ai ga Isuhu nan ya fara gemu. Gashi uku ne, kuma ɗaya ma ya karkace. Sanda dai ya saya, da ita aka riƙa korar kaji, har da ni.

Mako na uku da na huɗu muna gida muna shagali. Ta dafa mini wake da mai har ya yi iyo. Amma kullum da safe in ta tashi daga tabarma sai ta tsaya ta riƙe bango, ta ce gari na juyawa. Rannan ta zuba gishiri a kunu. Rannan ta bar tukunya a wuta ta je ta zauna a inuwa har gindin ya ƙone. Tsoro ya kama ni, na hau tudu inda ake samun layi na kira Kawu.

Na ce, "Kawu, Iya ba ta da lafiya. Ta faɗi sau uku kafin mu je asibiti, ƙarya muka yi wa likita."

Ya ce, "Isuhu, ba kai ne bara ka ce ƙanƙara ta sauka a gonarku kowace kamar kan jariri ba?"

"Wannan daban, Kawu."

"Ba kai ka ce ka ga kura a bayan makaranta, aka fito da sanduna, ashe karen liman ne? Likita ta duba ta da idonta. Kada ka ƙara cinye mini caji."

Na taka har ƙauyen Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyata, na gaya mata. Ta yi dariya ta ce, "Ku da wasanku na jika! Kullum kana kashe ta da baki, so kake ka gaji tukwane." Da ta biyo ni gida don ta gani, Amarya ta gyara ɗaurin kallabi ta zauna ɗas kamar matar hakimi, ta ce, "Ƙarya yaka yi, angon banza ne." Shekara goma ina cewa tsohuwa ta kusa mutuwa ana dariya. Ranar da na faɗa da gaske, dariyar dai aka yi.

A mako na shida, da safe bayan an yi ruwa, ina gona aka zo aka kira ni. Ta miƙe daga kujerar tsugune za ta duba tukunyar daddawa, jiri ya ɗebe ta. Na iske ta kwance a gefen murhu, ƙafar dama ta juya waje, ta fi ɗayar gajarta. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta fara ce mini shi ne, "Kada ka gaya ma wancan." A amalanke muka kai ta bakin hanya, daga nan mota. Duk ramin da direba ya faɗa sai ta ambaci kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, kafin mu isa Dutsi ta gama da danginsa kaf ta koma kan na yaron mota.

A ƙofar asibiti dangi suka taru aka buɗe kasuwar shawara. Inna Hajo ta ce wannan ba faɗuwa ba ce, doguwa ce ta ture ta, a nemi baƙar akuya a tafi Lugu wurin masu bori. Wani ƙanen kakanmu ya ce akwai mai ɗori wajen Tibiri da ke haɗa ƙashi kafin a gama shan fura. Wata da ban ma san dangantakarmu ba ta ce ai maƙiya ne. Babu wanda ya ce a cikinsu, yaron nan fa ya gaya mana. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce ƙashin cinya ne ya karye daga can sama wajen kwankwaso.

Washegari likitar nan siririya ta shigo ɗakin da karne a hannu. Ta ɗaga hannun Amarya, ta zagaya damtsen da ɗan tef na awo, ta duba littafi, ta sake dubawa. Ta ce, "Wannan ramar ba ta wata ɗaya ba ce. Yaya aka yi sikeli ya ba ni wancan nauyin?"

Na ji bakina ya ce, "Kanwa ce, Madam. Kilo uku."

Na faɗi komai, da kujera, da ƙahon rago, da faɗuwa uku. Na zazzage ledar magani a kan gado. Ban rufe baki ba Kawu ya ɗauke ni da marin da har yau in ana sanyi kunnen yana gaishe ni. Amarya ta ɗago kai daga matashi ta ce, "Ni na sa shi. Wanda ya ƙara taɓa shi, ban yahe ba." Ba ta kalli Kawu ba, bango ta gaya wa.

Likita ta ware ƙwayoyin da yatsa. Ta ce na barcin da na tansiyon su ne ke sa ta jiri in ta miƙe, ja da rawayan kuma mai yiwuwa sun daɗe suna cin cikinta suna rage mata jini. Ta kalle ni ta ce, "Ka ɗauka ina neman dalilin raba ta da ɗakinta ne? Ina neman abin da zan gyara ne don ta daɗe a cikinsa. Da na ga ledar nan a ranar, da na hana ta biyu daga ciki, da wataƙila yau tana gida." Wannan maganar ta fi marin zafi. Sannan ta juya ga Kawu ta ce, "Gwajin jinin da na rubuta fa, Malam?" Kawu ya cire tabarau ya shiga gogewa. Allah ya yafe mini, ko a cikin wannan halin sai da na ji sanyi a raina.

Mako na bakwai aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata. Da aka ambaci ba da jini, masu shawarar nan suka tuna suna da shuka a gona. Mai maganar mai ɗori ya ce shi ma jiri yake ji. Ni aka ce shekaruna ba su kai ba. Kawu ne ya naɗe hannun riga ya bayar, ya fito yana tangaɗi, washegari ya kawo abokin aikinsa shi ma ya bayar. Wannan na rubuta masa shi a gefen alheri, ko da yake gefen bai cika ba. Aka sayar da ragonta da awaki biyu, duk suka tafi a magani da mota. An yi maganar kai ta babban asibiti a yi aiki, amma da aka auna zuciyarta likitoci suka ce ba za ta ɗauka ba. Aka sallame mu zuwa gidan Kawu.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini wuyar faɗa. Tanti Rabi, wadda na daɗe ina kwaikwayon tafiyarta ana dariya, ita ta yi jinyar. Ita ke yi mata wanka, ita ke kwashe bayan gida, ita ke wanke zannuwa. Tana yi tana mita, mitar da za ta iya tsinka igiyar shanya, amma ko rana ɗaya ba ta fasa ba. 'Ya'yan cikinta mata kuwa waya suke bugowa. Mahaifiyata tana aure can ƙetaren iyaka da tsohon ciki, ita na yi mata uzuri. Inna Hajo ta zo sau biyu, ta je Lugu ta kawo abin shafawa, likita ta ce a shafa ba laifi, kada dai a ba ta komai ta sha. Sauran dangi sukan zo ran kasuwa, su cika ɗaki, su sha lemo, su ce "ai ta yi kyau," su tafi su bar mana kofuna.

Aikina shi ne juya ta. An ce in ta daɗe a gefe ɗaya fata za ta ɓare, to ni da Tanti muke juya ta muna tokare ta da matasai. Duk da haka a mako na tara gyambo ya fito mata a baya. Ni ne kuma mai ba ta kunu. In na ce, "Iya, daure ki sha," sai ta datse baki. Sai na ce, "Amarya, buɗe wannan kogon, ko haƙori babu sai iyayi," sannan ta buɗe don ta rama, in zura cokali. Haka muke cin rabin kofi. Wanda ya ji mu daga waje zai ce a kira 'yan sanda.

Kullum da safe tambayarta ɗaya, "Yaushe za mu tahi gida?" Kawu yakan ce in ta ji sauƙi. Tanti takan ce bayan damina. Ni ma haka nake cewa, har wata safiya a mako na goma sha ɗaya ta riƙe mini hannu ta ce, "Kai nika tambaya, ba su ba."

Na duba ƙofa ko wani zai shigo ya cece ni, ba kowa. Na ce, "Ba za mu koma ba, Amarya. Ƙafar ba za ta taka ba."

Can ta ce, "Yau ka yi gaskiya, kuma ba ta yi maka kyau ba." Ta ce in aika a kife mata tukwane kada ruwa ya zauna a ciki, a ba maƙwabciya sauran kajin. Daga ranar ba ta ƙara tambaya ba.

Kai mai karatu, in an kai tsohonka a duba shi, ka bar shi ya kasa tashi daga kujerar a gaban likita. Ka faɗi sau nawa ya faɗi ko yana harararka. Ka kai ledar magani duka, har na mai babur. In an rubuta gwaji ka tsaya a yi, mota ta tafi abinta. In kuma akwai yaro a gidan da ya saba ƙarya ya zo ya ce tsohuwa ba lafiya, ka tashi ka je ka kwana biyu ka gani da idonka, don tsoho yana iya zama ɗas na awa guda ya yaudari gari.

A mako na goma sha biyu tari ya kama ta da zazzaɓi, aka mayar da ita asibiti, aka ce ƙirji ne saboda doguwar kwanciya. Ta kwana huɗu. Ran Talata bayan la'asar ta rasu, Tanti Rabi na riƙe da kanta. Ruwa ya yanke hanyar ƙauyenmu a makon, don haka a Dogon Dutsi aka binne ta.